Gansu, Lardin Da Ruwa Ya Shata Wa Hanya

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen gida mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Sin, mu duba wani lardi nata wanda ake kira Gansu. Wadda ke da taswira a kusa ta ɗauko, ta nemi arewa maso yammacin ƙasar Sin. Za ta ga wani lardi dogo, mai kauri a kai biyu, siriri a tsakiya, kamar an kwantar da taɓarya a karkace. To, shi ne. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 1,600, mutanensa kuwa miliyan 25 ne bisa ga ƙidayar shekarar 2020. Sunansa haɗin sunayen tsofaffin garuruwa biyu ne, Ganzhou da Suzhou, aka ɗauki kan wannan aka haɗa da kan wancan.

Abu guda nake so ku riƙe tun daga farko. Duk abin da za mu gani a lardin nan, ko gari ne, ko ganuwa, ko kasuwa, ruwa ne ya ajiye shi inda yake. Wadda ta bi sawun ruwa ba za ta ɓata a Gansu ba.

Ƙasa huɗu cikin lardi ɗaya

Gefen kudu maso gabas yana samun damina sosai, akwai duwatsu da kurmi, har da dabbar nan mai fari da baƙi da ake kira fanda. Tsakiya da gabas tuddai ne na wata ƙasa rawaya mai laushi kamar gari, wadda iska ta yi dubban shekaru tana kwasowa daga hamada tana jibgewa. Kudu maso yamma tudu ne mai bisa ƙwarai, mai ciyawa da sanyi, inda 'yan Tibet ke kiwo. Sa'an nan siririn wuyan nan da ya miƙe yamma, hamada ce, sai zango-zango na kore a jere.

Ƙasar nan rawaya tana da sauƙin haƙa, don haka tun zamanin da mutanen gabashin lardin suke fafe jikin tudu su yi ɗaki a ciki. Ɗakin yana da ɗumi da hunturu, yana da sanyi da bazara, amma yana da hatsari. A watan Disamba na shekarar 1920 aka yi wata babbar girgizar ƙasa a Haiyuan, wadda a lokacin tana cikin Gansu, yanzu kuwa tana cikin Ningxia. Tuddai suka zabtare, mutum fiye da 200,000 suka hallaka. Ko a Disamba ta 2023 an sake yin wata a gundumar Jishishan, wadda ta ci rayuka wajen 150.

Lanzhou da Rawayen Kogi

Babban birnin lardin shi ne Lanzhou, ana faɗinsa kamar Lanjo. Birni ne da tuddai suka matse shi kudu da arewa, ba shi da wurin faɗi sai tsawo, ya bi gaɓar Rawayen Kogi ya miƙe. Kogin ya sami sunansa ne daga ƙasar nan rawaya da yake kwasowa, ruwansa kullum kamar kunu.

A da, in za a ƙetare kogin nan, jiragen ruwa ake jerawa a ɗaure su da sarƙa, a shimfiɗa katako a bisa. In hunturu ya zo sai a kwance, mutane su jira ruwa ya daskare su taka ƙanƙara su wuce. Sai a shekarar 1909 wani kamfanin Jamus ya gama gadar ƙarfe, wadda tana nan har yau, sai dai an hana mota hawa, masu ƙafa kaɗai ke bi. Masu fito kuwa suna da wata dabara. Sukan feɗe tunkiya ba tare da tsaga cikin fatar ba, su jeme ta, su hura mata iska kamar salka, su ɗaure goma sha wani abu ƙarƙashin sanduna. Shi ke nan an sami jirgi, wanda mutum ɗaya ke iya saɓawa a kafaɗa ya koma da shi gida. Yau baƙi kaɗai ake ɗauka a kansa don sha'awa.

Gonakin Lanzhou sun fi kogin tudu, don haka tun ƙarni na 16 manoma suka kafa manyan ƙafafu na katako a bakin ruwa. Gudun kogin ne ke juya ƙafar, ita kuma ta ɗebo ruwa cikin akwatunan da ke jikinta ta zuba a kwararo can bisa. Ba sa, ba jaki, ba hannun mutum. An sake gina waɗansu a wani lambu don baƙi su gani. Nan kusa akwai wata siffa ta dutse, mace kwance da jariri a jikinta, wadda suke kira Uwa Rawayen Kogi. Mace ce ta sassaƙa ta, sunanta He E, a shekarar 1986.

Ba a barin Lanzhou ba a ci taliyarsu ba. Mai taliya yakan ɗauki curin ƙullun alkama ya ja da hannu biyu, ya ninka, ya sake ja, kafin ki ƙifta ido ya zama zare-zare, ya jefa a tafasasshen ruwa. Suna da ƙa'ida biyar ga kwano mai kyau: romon naman sa ya zama garau, a ga farin wata saiwa da suke yankawa a ciki, a ga jan man barkono, a ga koren ganye, taliyar kuma ta yi rawaya. Wani Musulmi mai suna Ma Baozi ake ba labarin shi ya fara sayar da ita haka a shekarar 1915. Da safe ake cinta, ita ce karin kumallon birnin.

A gidan kayan tarihi na lardin akwai wani ɗan doki na tagulla, tsayinsa bai kai kamu ɗaya ba. Yana sukuwa, ƙafa uku a sama, ɗaya tak ta taka bayan tsuntsu mai tashi, kuma a kan ƙafar nan guda duk nauyinsa ya tsaya. An tono shi a wani kabari a garin Wuwei a shekarar 1969. Ku riƙe zancen dokin nan, za mu komo kansa.

Inda mata ke ɗaukar ruwa

Gabas da Lanzhou kaɗan akwai ƙasar Dingxi, wadda ta daɗe da suna wajen talauci. Ruwan sama a nan wajen milimita 400 ne a shekara, yawancinsa cikin wata uku, kuma da ya sauka sai ya kwashi ƙasa ya gangara kwazazzabo. Ruwan rijiya yana da nisa, a wurare da yawa kuma ɗaci gare shi. Maza sukan tafi cin rani birni, nauyin ɗibar ruwa ya faɗa kan mata da yara, su yi tafiyar awoyi da tulu ko da jaki. Ruwan da aka wanke fuska da shi ba a zubarwa, da shi za a wanke kwano, sa'an nan a ba dabba.

A shekarar 1958 hukuma ta tara dubban mutane da fartanya da kwando, wai za su haƙa hanya su jawo Kogin Tao ta kan duwatsu zuwa ƙasar nan. Aikin ya fi ƙarfin hannu, ga yunwa ta auka wa ƙasar Sin, sai aka watsar da shi a 1961. Abin da ya fara kawo sauƙi ƙaramin abu ne. Bayan farin 1995 aka fito da wani shiri da suke kira ɗaya, biyu, ɗaya. Watau kowane gida a daɓe masa fili ɗaya da siminti don tara ruwan sama, a haƙa masa rijiyoyi biyu masu murfi inda ruwan zai taru, ya kuma keɓe ɗan lambu ɗaya a bayan gida. Wajen shekarar 2000 ƙungiyar matan ƙasar ta kama irin wannan aiki, ta sa masa suna rijiyar uwa. Babban aikin Kogin Tao kuwa an sake ɗaukarsa a 2006, wannan karo da injuna masu huda dutse, ruwa ya iso a ƙarshen 2014, shekara 56 bayan saran farko. Yau Dingxi dankalin Turawa take nomawa, har ana yi mata kirari da shi.

Linxia da Labrang

Kudu maso yammacin Lanzhou akwai garin Linxia, wanda Sinawa ke kira Ƙaramar Makka saboda yawan masallatansa da malamansa. Musulmin nan iri-iri ne. Akwai Hui, waɗanda harshensu Sinanci ne, akwai Dongxiang da Bao'an masu harsuna dangin na Mongol. An san Bao'an da ƙirar wuƙaƙe. Maza suna sa farar hula, mata suna lulluɓi. Abin da zai ba ku mamaki shi ne ɗariƙar Ƙadiriyya da muka sani a nan ta kai can tun ƙarni na 17. Hubbaren shehinsu Qi Jingyi, wanda ya rasu a 1719, yana cikin garin, gini ne mai rufi irin na Sinawa, ana ziyartarsa. Akwai kuma rassan Naƙshabandiyya.

Amma wadda ta ga hotunan Linxia na shekarun baya kada ta zaci haka za ta tarar. Daga wajen shekarar 2018 hukumar ƙasar ta sa an sauke ƙubbobi da hasumiyoyi daga masallatai da yawa, bisa ga manufarta ta cewa kowane addini ya ɗauki kamannin Sin, an kuma tsananta a kan karatun addini na yara. A watan Nuwamba na 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton rufe masallatai da haɗe waɗansu a Gansu da Ningxia.

In aka wuce Linxia hanya sai ta yi ta hawa, har a kai Xiahe, wajen mita 2,900 bisa teku. Nan ne Labrang, babbar makarantar addinin Buda ta 'yan Tibet, wadda aka kafa a 1709. Ɗalibanta suna yafa jan mayafi, suna karatun addininsu da magani da lissafin taurari. Bayan gari fili ne na ciyawa, inda makiyaya ke kiwon wani irin sa mai dogon gashi har ƙasa, wanda ake kira yak. Da man shanunsa suke haɗa shayi su sa gishiri. Tsakanin Linxia da Xiahe tafiyar awa biyu ce ko uku a mota, amma harshe da sutura da abinci duk sun sake. Fataken Linxia sun daɗe suna hawa da shayi da hatsi, su sauko da ulu da fata.

Siririyar hanya

Yanzu sai mu koma Lanzhou mu fuskanci yamma. Wuyan taɓaryar nan Sinawa suna kiransa Hexi, watau yamma da kogi. Tsawonsa wajen kilomita 1,000 ne. Ta hannun hagu duwatsun Qilian ne, waɗanda ƙwanƙolinsu ya wuce mita 5,000, fari fat da ƙanƙara rani da damina. Ta hannun dama hamada ce. In zafi ya zo ƙanƙarar ta narke, ruwa ya gangaro ya zama koguna uku, Shiyang da Heihe da Shule. Ba ɗayansu da ke kaiwa teku, duk a cikin rairayi suke ƙarewa. Inda kogi ya fito daga dutse, nan gari yake. Tsakanin gari da gari kuwa sai tsakuwa da iska. Ayarin da zai tafi yamma ba shi da zaɓi, dole ya bi zangon nan ɗaya bayan ɗaya, domin hagu dutse ne, dama ƙishirwa. Wannan ita ce hanyar da daga baya aka sa wa suna Hanyar Siliki.

A shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarkin Sin mai suna Wu, na daular Han, ya aiki wani bafadensa Zhang Qian yamma, ya nemo masa abokan yaƙi a kan Xiongnu, wasu makiyaya mahaya da suka addabi ƙasarsa. Ya tashi da mutum wajen ɗari. Bai yi nisa ba Xiongnu suka kama shi, suka riƙe shi shekara goma, har suka ba shi mata. Ya gudu, ya ci gaba da tafiya har ƙasashen da ke bayan duwatsu, ya komo gida bayan shekara goma sha uku, cikin mutanensa ɗaya kaɗai ya rage. Abokan yaƙi bai samo ba, amma ya zo da labarin birane da kasuwanni, da wasu dawaki na Fargana waɗanda suka fi na Sin girma da gudu. Kwaɗayin irin dawakin nan yana cikin abin da ya ja Sinawa yamma, kun ga asalin dokin tagullar da muka bari a Lanzhou. A shekara ta 121 kafin haihuwar Annabi Isa wani saurayin sarkin yaƙi, Huo Qubing, ya kori Xiongnu daga Hexi. Daga nan aka kafa garuruwan tsaro huɗu, Wuwei da Zhangye da Jiuquan da Dunhuang, kuma har yau da sunayen nan ake kiransu. Siliki da takarda suka bi ta nan suka yi yamma, inabi da dawaki da addinin Buda suka shigo, daga baya Musulunci ya biyo.

Arewa da Wuwei, a wutsiyar Kogin Shiyang, akwai gundumar Minqin, wadda hamada biyu suka sa a tsakiya. Da mutanen sama suka yawaita tare ruwa, tafkin Qingtu da ke ƙarshen kogin ya ƙafe a 1959. Manoma suka koma haƙa rijiyoyi masu zurfi, ruwan ƙasa ya yi ta nutsewa, itatuwa suka bushe, rairayi ya shiga cin ƙauyuka. Sai da hukuma ta rufe rijiyoyi masu yawa, ta ƙayyade wa kowa rabonsa, ta sa a riƙa sakin ruwa daga sama, sa'an nan a 2010 aka sake ganin ruwa a tafkin. Dabarar da suke tsai da rairayi da ita kuwa mai sauƙi ce. Sukan shimfiɗa karan alkama layi-layi a kan tudun rairayi, su danna tsakiyarsa da shebur, rabi ya nutse rabi ya tsaya, har tudun ya zama gida-gida kamar na dara, kowane gida taki ɗaya. Iska ba ta iya kwasar rairayin, sai a dasa ƙananan itatuwa a ciki. Mata da yawa ke wannan aiki, fuska a naɗe da gyale saboda ƙura. A Babusha, cikin gundumar Gulang, wasu dattawa shida suka dangwala hannu a takarda a 1981 cewa za su tsai da hamadar da ke cin gonakinsu, kuma in ɗaya ya mutu ɗansa ya gaje shi. Yanzu aikin ya kai ga jikoki.

Zhangye ita ce Ganzhou ta da. A nan akwai wani ɗakin ibada na shekarar 1098, da siffar Buda a kwance mai tsawon mita 34. Marko Folo, matafiyin nan na Italiya, ya faɗa a littafinsa cewa ya yi shekara guda a garin. Bayan gari akwai tuddai masu zane ja da rawaya da fari da toka-toka, kamar an shanya zannuwan saƙi. Launin ya fi fitowa da la'asar, ko bayan an yi yayyafi.

Gaba kuma sai Jiayuguan, inda dutse da dutse suka kusa haɗuwa. A nan daular Ming ta gina babbar ƙofa a 1372, ita ce iyakar Babbar Ganuwar Sin ta wajen yamma a zamaninsu. Ganuwar a nan ta ƙasa ce da aka daddaɓe, irin ginin da idonmu ya saba da shi. Suna da wani labari cewa maginin ƙofar ya ce tubali 99,999 zai isa. Mai duba aiki ya ce in ko ɗaya ya ragu zai hukunta shi. Aka gama, ɗaya ya ragu. Sai magini ya ɗora shi bisa wata ƙofa, ya ce da gangan ne, wanda ya taɓa shi ginin zai rushe. Har yau ana nuna wa baƙi tubali guda a wurin.

Dunhuang

Zango na ƙarshe shi ne Dunhuang. Ruwan da ke sauka a nan shekara guda wajen milimita 40 ne, abin da hadari ɗaya mai ƙarfi ke zubarwa a Kano cikin watan Agusta. Daga nan hanya ta rabu biyu don ta kewaye babbar hamadar Taklamakan, saboda haka fatake sukan tsaya su yi guzuri, su yi addu'a.

A shekarar 366 wani mai zuhudu na addinin Buda ya fafe kogo a jikin wani dutse kudu da garin. Wasu suka biyo shi, attajirai da sarakuna suka riƙa ba da kuɗi, aka yi wajen shekara dubu ana fafewa ana zane. Wurin shi ne Mogao. Kogwanni 735 ne, 492 daga ciki suna da zane a bango ko siffofi na yumɓu. Rashin ruwan nan da ya wahal da mutane shi ya tsare launin zanen. Ko wadda ba ruwanta da addininsu za ta ƙaru, domin an zana manoma suna huɗa, da bikin aure, da fatake da 'yan fashi sun tare su, da matan attajirai cikin adonsu. A 1987 Unesko ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

A shekarar 1900 wani mai tsaron wurin, Wang Yuanlu, yana share rairayi sai ya ga tsaga a bango. Da ya fasa sai ga ɗan ɗaki cike da takardu har rufi, wajen 50,000, an toshe su tun farkon ƙarni na 11. Akwai na Sinanci da Tibet da Sanskirit da Uigur da waɗansu harsunan da suka mutu. Ya kai wa hukuma labari, ba a kula ba sosai. A 1907 Aurel Stein, mai yi wa Ingila aiki, ya zo ya lallashe shi da kuɗi kaɗan, ya tafi da akwatuna fiye da ashirin. A 1908 Bafaranshe Paul Pelliot ya zo ya zaɓi nasa. Cikin abin da Stein ya ɗauka akwai wani littafin addinin Buda da aka buga da sassaƙaƙƙen katako a shekarar 868, wanda shi ne littafi bugagge mafi tsufa a duniya mai ɗauke da kwanan wata. Yana Landan yanzu. Sinawa har gobe suna jin zafin wannan abu.

A wannan tafiya Stein ya tsinci wata jakar wasiƙu a kangon hasumiyar tsaro yamma da Dunhuang. An rubuta su wajen shekarar 313 cikin harshen Sogdiyawa, fataken ƙasar Samarƙand. Biyu daga ciki na wata mace ne, sunanta Miwnay. Mijinta ɗan kasuwa ya kawo ta Dunhuang da 'yarsu, ya tafi ya bar su shekara uku ba aike. Ta rubuta wa uwarta cewa ta bi dangin mijin ɗaya ɗaya don su taimake ta ta koma gida, kowa ya tura ta wurin wani, ba ta da sutura ba ta da kuɗi, sai sadakar limamin addininsu. Ta rubuta wa mijin cewa ta ƙi jin maganar uwarta da 'yan'uwanta ta biyo shi, ta kuma gaya masa auren kare ko alade ya fi mata aurensa. 'Yar ta ƙara nata a ƙasa, ta ce sun zama barorin mutane. Wasiƙun nan ba su isa ba, a hanya jakar ta tsaya shekara 1,600. In ana ba da labarin Hanyar Siliki, madugai da sarakuna ake ambata, to ga abin da matan da aka bari a zango suka gani.

Wata mace kuma da kanta ta zaɓi zama. Fan Jinshi ta tashi a Shanghai, ta gama Jami'ar Bejin a 1963, aka turo ta Mogao, inda ɗaki na ƙasa ne, ba lantarki, ruwan sha mai gishiri. Mijinta yana koyarwa a Wuhan, suka yi shekara 19 a rabe, har a 1986 shi ya bar aikinsa ya biyo ta. A 1998 ta zama shugabar cibiyar da ke kula da kogwannin. Ita ta lura cewa numfashin baƙi da gumin jikinsu suna jiƙa bangon, gishiri ya taso, zanen ya ɓamɓare. Ta tsaya sai da aka ƙayyade masu shiga, tikiti 6,000 na ƙa'ida a rana tun daga 2014, aka kuma ɗauki hoton kogwannin dalla-dalla aka sa waɗansu a intanet. Sinawa suna kiranta 'Yar Dunhuang.

Bakin garin akwai manyan tuddan rairayi da ke ƙugi in mutum ya gangaro, ana hawansu da raƙuma masu tozo biyu. A tsakiyarsu akwai ɗan tafki mai siffar jinjirin wata, wanda ya yi ƙarnuka rairayi bai binne shi ba. Daga shekarun 1960, da noman rani ya yawaita, ruwansa ya yi ta ja da baya har ya kusa ƙafewa, sai da hukuma ta shiga ƙara masa ruwa a 2006.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi kyau daga Mayu ne zuwa Oktoba. Hunturunsu ruwa na daskarewa a tulu, farkon bazara kuma akwai guguwar ƙura. Ko da zafi ki tafi da rigar sanyi, domin dare a hamada da kan tudu yana da sanyi. Tun Disamba ta 2014 akwai jirgin ƙasa mai sauri daga Lanzhou zuwa Urumqi, yana tsayawa a Zhangye da Jiayuguan, tafiyar da ayari ke yi cikin watanni ya yi ta a yini ɗaya. Abincin halal ba ya wuya, ki nemi a nuna miki kalmar da suke faɗi cinjan, ita ce alamar gidan abincin Musulmi. Tikitin Mogao sai an saya tun da wuri, ba a kuma ɗaukar hoto a cikin kogo. A Xiahe ki taka sannu kwana na farko, iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, kuma akan rufe garin ga baƙi wani lokaci, sai a tambaya kafin a tashi. Ƙasar Sin duka agogo ɗaya take bi, na Bejin, wanda ya riga namu da awa bakwai. Saboda haka a Dunhuang da bazara rana kan kai ƙarfe tara ba ta gama faɗuwa ba, mai salla ta duba rana, kada ta dogara da lokutan da ta saba.

Tun 1958 masanan Sin suke auna ƙanƙarar duwatsun Qilian, kuma awonsu ya nuna tana raguwa saboda ɗumamar duniya. A yanzu narkewar tana ƙara wa koguna ruwa, amma ajiya ce ake ci, ranar da ta yi ƙasa garuruwan Hexi da gonakinsu za su ji a jika. Mutanen wurin sun san haka, shi ya sa ake auna wa manomi ruwa kamar yadda ake auna hatsi.

Malamai mata da ke karanta filin nan, ku gwada wannan a aji. Ku zana taɓarya a allo, ku sa duwatsu a gefe ɗaya, ku ja koguna uku, ku ce yara su nuna inda za su kafa gari. Za ku ga sun sa hannu kusa da inda Wuwei da Zhangye da Dunhuang suke.